Yadda Aka Ari Dariyar Mai Guga

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu, ko da ɗan haya ne da sauro ya kora tun bai gama kwance kaya ba, zai iya manta fuskokinmu, amma ba zai manta dariyar Mai Guga ba. Dariya ce mai hawa-hawa. Can ƙasa take farawa, a ƙirji, kamar tsohuwar mota da ake fama da ita da safe. Sai ta yi kamar ta mutu, sai kuma ta kama, ta hau, ta hau, ta ƙare da wani siririn fito da ke fita ta wushiryarta. In ta kusa kaiwa wurin fiton dole ta ɗaga dutsen guga ta ɗora a kan bulo. Ta koyi haka ne tun ranar da ta ƙona wa wani ango wuyan riga, bawan Allah ya tafi ɗaurin aurensa da tawul a wuya kamar mai mura.

Rumfarta a ƙofar gida take. Tebur ne mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da guntun katako, an shimfiɗa masa tsohon bargo, an rufe da zanen gado wanda tabon ƙuna ya yi wa ado iri-iri. Dutsen gugarta na gawayi ne, guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan iska. Ga robar ruwa da ta huhhuda wa murfi don yayyafi, ga mafici, ga igiya a bayanta inda take jera kayan mutane. Igiyar nan ta fi kowa sanin sirrin layin: wanda ya yi ƙiba, wanda ya rame, wanda riga ɗaya ke kai shi kowane biki, wanda aljihunsa ya huje matarsa ba ta kula ba. Ita dai ba ta faɗa. Dariya kawai take yi, kowa ya tsargu da kansa.

Ba da sana'ar ta zo ba. Amarya ta zo, siririya, mijinta yana tuƙa bas ɗin ma'aikata. Kakinsa ta fara gogewa, tana fitar masa da karin wando mai kaifin da abokan aikinsa ke cewa zai yanka albasa. Ɗaya bayan ɗaya suka fara aiko nasu a leda, wai a taimaka. Taimako ya zama aiki, aiki ya zama rumfa. A rumfar ta yi goyo, a nan ta yaye, a nan ta aurar da manyan, autar kuma ta tafi karatu wani gari. Sai wata safiya ciwo ya kama mijin, wanda kowa ke kira Direba, yana ɗaura takalmi, ya shanye masa ɓarin dama, ya nauyaya masa harshe. Daga ranar komai na gidan ya hau kan dutsen guga, shi kuma ya koma kujerar roba yana kallon ƙeyarta. Shi ya laƙaba mata Manaja. Ita kuma ba ta sauke shi daga Direba ba, ko da yake abin da yake tuƙawa yanzu bai wuce sandarsa ba.

Masu kawo guga sukan ce mata, "Ke dai ba ki da damuwa." Takan ce, "Ta zo, ta tarar ina aiki, na ce ta zauna ta jira." Amma wanda katanga ɗaya ta raba shi da ita ya san dariyar nan ba kwalliya ba ce. Kayan aiki ce, kamar maficin. Da ita take hura gidan in ya fara yin sanyi. Ranar da Direba ya kasa kai cokali baki, ya yi jifa da shi ya juya fuska bango, ba lallashi ne ya juyo da shi ba. Cokalin ne ya faɗa cikin takalminsa, ta duba ta ce ko tuƙi yanzu sai a hankali amma saiti yana nan, ta saki abar. Ya daure, ya daure, rabin bakinsa mai rai ya ci amanarsa.

Cikin masu aiko mata kaya akwai Mai Fenti, wani mai babban shagon fenti a bakin kasuwar kayan gini. Mutum ne mai tsabta, mai son farin yadi, wataƙila don ya gaji da kallon launi. Da lokacin zaɓe ya matso sai aka ji ya fito neman kujerar majalisar gari. Magina sun san shi, kafintoci sun san shi, daga nan kuma sai danginsa. Ya yi talla a talabijin, yana zaune bayan tebur da tuta, yana bayani a kan magudanar ruwa da murya irin ta mai karanta sanarwar rasuwa. A gidajen layinmu, da zarar ya bayyana, lokacin zagayawa bayi ya yi.

Wata safiya ya aiko a ce wa Mai Guga ta kawo fararen kayansa shago da kanta, da gaggawa, za a ɗauki sabon talla. Ta naɗe su a tsohuwar jarida ta tafi. Ta tarar da farfajiyar shagon cike da wayoyi da fitilu masu dogayen ƙafafu, ga wani mai gemu da hula a karkace yana ba da umarni. Wannan shi ne Mai Kyamara, wanda aka ɗauko don ya gyara abin da tallan farko ya ɓata. Ta tsaya gefe tana jiran a amshi kaya, ta ji yana cewa:

"Yallaɓai, matsalarka ba wai ba a son ka ba ne. Ba a san ka ba ne. Na tsaya a tasha na tambayi mutane wa ke takara, wani ya ce min ai wannan mai farar rigar nan ne mai sa barci."

"Magudanar ruwa abin wasa ce?" in ji Mai Fenti.

"Ba abin wasa ba ce. Amma mutum in ya dawo gida a gajiye, jawabi ta kunnen nan yake shiga ya fita ta wancan. Abin da ya ba shi dariya kuwa har wurin aiki zai kai shi gobe, ya ba wa wani, kyauta. Sunanka muke so ya hau wannan motar."

Mai Fenti ya shiga ciki ya sa kayan, ya fito fari tas, karin wando yana tafe gabansa. Ana gyara fitila, sai ya ga wani benci mai sala-salan katako a inuwa, ya je ya zauna. Benci ne da ma'aikatansa suka shafa wa shuɗin fenti da sassafe don a nuna wa wani mai saye. A shagon fenti ba a rubuta wa kowa cewa fenti bai bushe ba, hanci ke gaya wa mutum. Shi kuwa maigidan, shekarun da ya yi cikin gwangwanaye sun daɗe da kashe masa hanci. Ma'aikata suka gan shi, suka kalli juna, aka rasa mai ƙarfin halin cewa maigida ya tashi.

Da aka ce an shirya ya miƙe, ya juya zai ɗauki hula. Daga kafaɗa har ƙwauri, layi shuɗi, layi fari, layi shuɗi.

Abin da ya fara zuwa wa Mai Guga tausayin gugarta ne. Ta ce a hankali, "Wayyo karin wandona." Jin abin da ta faɗa da kunnenta, sai motar ta tashi. Ta toshe baki da gefen mayafi, ba ta toshu ba. Ta dafa gwangwanin fenti, ta hau, ta hau, har fiton. Ma'aikata suka fashe a bayanta. Mai Fenti ya ɓata rai, ya leƙa bayansa, shi ma ya kasa riƙewa.

Ashe kyamara tana kunne. Mai Kyamara ya kalli ɗan gilashinta, ya mayar, ya sake kallo, ya ce, "An gama aiki."

"Ni za a nuna wa duniya bayana?" in ji Mai Fenti.

"Yallaɓai, fuskarka mun nuna musu, ba su riƙe ba."

Sai ya zo gaban Mai Guga ya rusuna. "Mama, dariyarki muke roƙo. Za mu sa ta a tallan, in kin yarda."

Tana share hawaye ta ce, "Ɗan nan, ai na riga na yi ta. Ku ɗauka, gobe ma akwai wata."

Tallan ya fito gajere. Mutum ya tashi daga benci, ga bayansa kamar katifa, ga wata mata tana dariya har tana dafa gwangwani. Sai ya juyo ya ce, "Ni da kaina na gwada, fentina ba ya fita. Alkawarina ma haka." Sai sunansa ya cika gilashin, murya ta maimaita shi: Mai Fenti, Mai Fenti. Shi ke nan.

Kafin mako ya zagayo babu wanda bai san Mai Fenti ba. Masu zagayawa bayi suka koma riƙe fitsari. In mutum zai zauna a benci a tasha sai wani ya ce masa, "Duba dai, kada ka yi Mai Fenti." Rumfar Mai Guga ta zama wurin ziyara. Wasu su kawo riga ɗaya tal don su ga wushiryar da idonsu, wasu su tsaya suna ba ta labaran da ba su da gishiri, suna jiran ta tashi motar. Aka aiko mata da sabon dutsen guga na lantarki cikin kwali, ta ɗora shi a kan kabad, don lantarkin layinmu baƙo ne, ba ya faɗin ranar zuwa. Ranar da ta fara ganin kanta a talabijin ta ce, "Ashe haka bakina yake? Shekara da shekaru ba wanda ya gaya min?"

Direba ya ce, da harshensa mai nauyi, "Na gani. Na yi haƙuri."

Ta ji daɗin abin, ba za a ɓoye ba. Mace ta yi rayuwarta a bayan tebur, sunanta bai wuce kan kwana ba, yau ga masu bas suna yi mata hon. Kuma a ganinta babu wanda aka cuta. Mutum ya yi wa kansa dariya, ta taya shi.

Ana haka wata yamma tana ninke kaya a ɗaki, ta ba talabijin baya, sai ta ji dariyarta ta taso. Ba ta juya ba da farko, ta saba. Shirun Direba ne ya sa ta waiwaya. Babu benci, babu Mai Fenti. Wata dattijuwa ce mai sanda take hawa matakalar dandamali a wurin taro. Sandar ta zame, ta zo ƙasa a kan gwiwa, takardunta suka watse, gilashin idonta ya rataye a kunne ɗaya. Aka mayar da faɗuwar baya, aka sake nunawa a hankali. A kan wannan aka ɗora dariyar, tun daga tashin motar har fiton. Har fuskar Mai Guga aka nuna tana dafa gwangwani, kamar a wurin take. Murya ta ce, "Gari na son mai tsayawa da ƙafarsa." Sai sunan Mai Fenti.

Dattijuwar Sista ce, ungozomar asibitin gari da ta yi ritaya, ita ma tana neman kujerar. Rabin 'ya'yan layinmu a hannunta suka faɗo. Lokacin haihuwar autar Mai Guga, da abin ya zo da gardama, Sista ta riga ta tashi aiki, jakarta a kafaɗa. Ta ajiye jakar. Yarinya ta fito shiru, jiki a sake, Sista ta yi ta fama da ita, tana murzawa, tana hura mata baki, har ta tsanyara. Tun daga lokacin Mai Guga ke goge wa Sista kaya, kuma duk wanda ya ga yadda take bin ɗankwalin Sista da dutse ya san ba aiki kawai take yi ba.

Direba ya ce, "Manaja. Kashe."

Ta kashe. Ta zauna bakin gado da rigar wani a cinya, ba ta san ta wa ce ba.

Abin da ya biyo baya ba a talabijin ya tsaya ba. Dariyar ta fito titi ta kama aikin da ba a haife ta don shi ba. Samari suka iya ta, har fiton suke yi da yatsu. In motar masu goyon bayan Sista ta wuce, a bi ta da ita. In tsoho ya yi tuntuɓe a kasuwa, a yi masa ita. Wata safiya Mai Guga ta fito da Direba yana motsa ƙafa a bakin katanga kamar yadda likita ya ce, yana jan ta dama, tana riƙe da gwiwar hannunsa. Wasu matasa a bayan buɗaɗɗiyar mota, ba 'yan layin ba, suka hango mai sanda yana ɗingishi, suka sakar masa dariyar matarsa. Ba su ma lura da wadda ke riƙe da shi ba. Direba ya tsaya, ya kalli ƙasa, ya ce, "Mu koma."

Daga ranar rumfa ta yi shiru. Ba wai ta yi rantsuwa ba ne. In abin dariya ya zo takan ji motar ta motsa a ƙirji, sai ta tuna inda za ta je in ta fita, sai ta haɗiye. Masu zuwa kallon wushirya suka gaji suka daina. Gawayi yana ci, karin wando yana fita kamar kullum, amma mutum zai wuce ƙofar gidan bai san da kowa ba. A ciki kuma Direba ya rage cin abinci, ya koma yawan kallon bango, ita kuma ba ta da abin da za ta juyo da shi. Kayan Sista na ƙarshe suna rataye a ƙarshen igiya, an goge, ba a aiko an amsa ba, ba a kuma aiko wasu ba.

Ta sauko da kwalin dutsen lantarki daga kan kabad, ta tafi neman Mai Kyamara. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a saman wani shagon waya, an manne bangonsa da soso, babu taga. Ya tashi ya ba ta kujerarsa.

"Ɗan nan, yaushe na yi wa Sista dariya?"

Ya sosa gemu. "Mama, zo ki gani." Ya taɓa na'ura, wani kore-koren zane mai tsini-tsini ya fito a gilashi, kamar haƙoran zarto. "Ga ki nan. Nan ne farkon, nan ne fiton. In na kama ta haka, sai in ɗora ta duk inda ake so. Haka aikin yake, kowa haka yake yi."

Ta daɗe tana kallon zanen. Ba ta taɓa zaton abin da ke fitowa daga cikinta yana da siffa ba, balle a kama shi da yatsa biyu.

"Da ka ce in ba ka, benci na gani."

"Gaskiya ne. Ni ma benci na gani a lokacin. Amma talla na farko aikinsa ya sa sunan mutum a kan jama'a. In ya shiga, sai masu gidan su ce to yanzu a fitar da na wasu. Na ce musu ƙafar tsohuwa ba abin taɓawa ba ce, suka ce ko in yi ko a kira wani."

"To cire ni."

Ya danna wani abu, zanen ya ɓace. Ya sake dannawa, ya dawo. "A nan, kin ga, ba wuya. Amma ya riga ya shiga wayoyin mutane, Mama. Ko Yallaɓai ya ce a daina sawa yau, ba ni da hannun da zai shiga aljihun kowa."

Ta je wurin Yallaɓan ma. Ya karɓe ta a tsaye, ana ta kiransa a waya, idonsa yana gudun nata. Ya ce wallahi shi ma abin bai kwanta masa ba, 'yan kwamiti ne, zai yi magana. Ya ce ta yi haƙuri, an kusa gamawa, bayan zaɓe kowa zai manta. Ta ajiye masa kwalin a kan tebur. Ya ce haba, kyauta ce. Ta ce ta sani, wuta ce babu.

Ta dawo gida, ta tsaya gaban igiya. Sai ta sauke kayan Sista, ta sake bin su da dutse ko da yake babu abin da ya same su, ta naɗe a jarida.

Gidan Sista yana bayan asibiti, ƙaramin gida mai baranda. Ta same ta a falo a doguwar kujera, ta miƙe ƙafa a kan matashi, an naɗe gwiwar da bandeji. A kusurwa ga ɗaurin hotunanta na takara ba a ko kwance ba. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi in ana tsoron abin da ke bayanta. Sista ta tambayi jikin Direba, ta tambayi ko yana motsa ƙafar. Mai Guga ta ce yana yi, ta ajiye kayan, ta zauna a ƙasa kusa da kujerar.

"Tashi ki hau kujera, ƙanwata."

"Nan ma ya yi. Sista, ba ke na yi wa ba."

"Na sani. Ba kya wurin. Ina ƙasa na duba taron da kyau, na ga duk wanda ya yi dariya. Daga ƙasa ana ganin mutane sosai."

"To me ya hana ki aiko da kaya?"

Sista ta gyara gilashinta. "Ba fushi ba ne. Na rasa ta yadda zan bi ta rumfarki. In kin gan ni kin yi dariya, ciwo. In kin gan ni kin fasa, shi ma ciwo." Ta shafa bandejin gwiwarta. "Ba zan ce miki bai yi zafi ba. Gwiwar ma ba ta kai shi ba. Jikata ta ƙi zuwa makaranta, in ta shiga aji da muryarki ake tarar ta."

Mai Guga ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

"Ni wautar da na yi," in ji Sista, "na ɗauka sunana ya isa. Na ce wa zai ce bai san ni ba a garin nan, bayan ni na kama su? Na manta ranar da muka haɗu ba sa cikin hayyacinsu. Sun girma, ba su san ni ba. Yanzu kam an san ni. Tsohuwar nan da ta faɗi." Ta yi ɗan murmushi. "Nawa mutanen sun ce mu rama, mu ma mu nemi abin dariya a jikinsa. Na ce ni ban iya ba. Duk wanda na kalla sai in tuna shi tsirara yana kuka, sai tausayi ya kama ni."

Fanka tana juyawa a sama tana ƙara. Sista ce ta sake magana.

"Ni fa abin da ke damuna, benci ɗin nan. A talabijin sun gajarta shi. Bayan ya tashi me ya faru?"

"Sista, ki bar maganar."

"Ina kwance ba inda nake zuwa. Ba ni labari."

Ta fara a daƙile, kamar mai ba da shaida. Ta faɗi yadda ma'aikata suka yi ta zungurar juna. Ta faɗi yadda Mai Fenti ya riƙa juyawa a wuri ɗaya yana son ganin bayansa, yana juyawa bayan yana gudu. Sai wani babban ma'aikacinsa, don neman suna wurin maigida, ya rugo da tsumma da galan ɗin kananzir, ya durƙusa ya kama goge masa mazaunai ba sallama. Maigida ya yi tsalle, ma'aikaci ya bi shi a durƙushe yana cewa a tsaya kada ya bushe. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba, ga ta tsakiyar falo tana juyawa tana leƙen bayanta, tana kwaikwayon su biyun.

Sista ba mai ƙarar dariya ba ce. Kafaɗunta ne suka fara rawa, ta riƙe gwiwa da hannu biyu tana cewa, "Wayyo ƙafata, ci gaba." Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin gilashi.

Mai Guga ta ji motar ta motsa. Ta tsaya cak, ta danna mayafi a baki, ta juya wa Sista baya.

"Me kike haɗiyewa?"

Ta girgiza kai.

"Za ki shaƙe min a falo, ni kuma na yi ritaya. Je ki rufe tagar nan, ki turo ƙofa. In aka ji ta daga gidana, gobe za a ce har gida kika biyo ni."

Ta rufe taga, ta tura ƙofa, ta jingina da ita. Da farko abar ta ƙi tashi, ta daɗe a ajiye. Ta yi tari, ta mutu. Sista ta ce, "A durƙushe fa kika ce yake bin sa?" Sai ta kama. Ta hau, ta hau, ta zame ta zauna a ƙasa, fiton ya fita har sau biyu, Sista tana dukan hannun kujera.

Da ta fito rana ta yi sanyi. A kan kwanar asibiti wasu samari suka gane ta, ɗaya ya sa yatsu a baki ya yi mata fitonta. Ba ta sauya hanya ba. A titi dai abar ba tata ba ce yanzu, kuma ba ta san ranar da za a dawo mata da ita ba.

Ta tarar da Direba inda ta bar shi, abincinsa a rufe bai taɓa ba. Ya kalli idonta.

"Kuka kika yi?"

"Dariya na yi."

"A ina?"

"Gidan Sista."

Ya daɗe yana juya maganar a bakinsa kafin ta fito. "Kin rage min?"

Ta ajiye mayafi, ta leƙa layi, ta jawo taga ta sa sakata. Sannan ta buɗe kwanon abincin, ta sa masa cokali a hannun hagu, ta koma tsakiyar ɗaki ta gyara tsayuwa.

"To, ka san babban ma'aikacin nan nasa mai galan ɗin kananzir?"